Me ya sa kasuwar shanu ta Abilene ta tashi bayan shekara biyar kacal?

Mai Neman Sani ya rubuta:

Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka karanci tarihin yammacin Amurka ce. Tun muna yara muke kallon finafinan kaboyi, inda ake nuna ƙaramin gari mai titi ɗaya, da tashar jirgin ƙasa a gefe, da mashaya, da mutane masu harbin juna a kan abin da bai kai ya kawo ba. Kwanan baya ina taya ɗana aikin makaranta a kan shugaban Amurka Eisenhower, sai na ga ashe a garin Abilene na jihar Kansas ya tashi, kuma garin shi ne na farko a jerin garuruwan Kansas da suka yi suna da lodin shanun Teksas a jirgin ƙasa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, an fara cinikin a 1867, amma zuwa 1872 ya riga ya bar garin gaba ɗaya.

Abu biyu nake so a warware mini. Na farko, me ya kai wannan kasuwa ƙauyen da ba kowa ya san da shi ba, alhali akwai garuruwan da suka fi shi girma a kan layin dogon? Na biyu, me ya tashe ta cikin shekara biyar? Ni ɗan kasuwa ne, kuma a iya sanina kasuwar da ta kafu, ta sami dillalai da masauki da hanya, ba ta tashi haka kawai, sai an yi wani babban dalili. Shin harbe-harben da muke gani a fim ne suka kori mutane, ko kuwa wani abu ne dabam?

Tsohon Malami ya amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Bari in ɗauki tambayarka ta farko, domin ita ce na fi sani.

Kafin 1867 Abilene zango ne kawai. Wani mutum mai suna Timothy Hersey da matarsa Eliza ne suka sauka a bakin wani rafi da ake kira Mud Creek a 1857, suna ciyar da fasinjojin keken doki masu wucewa yamma. Matar ce ta ɗauko wa wurin suna daga Linjilar Luka, sura ta 3, aya ta 1, inda aka ambaci wata ƙasa kusa da Dimashƙu mai wannan suna. A 1861 aka mai da shi hedikwatar gundumar Dickinson, amma wannan bai ƙara masa komai ba. Mutumin da ya kafa kasuwar, Joseph McCoy, ya rubuta a littafinsa na 1874 cewa da ya iso bai tarar da abin da ya wuce bukkokin katako kamar goma sha biyu ba, kuma yawancinsu rufin ƙasa ne.

Abin da ya kawo McCoy lissafi ne na ɗan kasuwa irinka. A shekarun yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, an toshe wa Teksas hanyoyin fitar da shanu, sai shanun nan masu dogon ƙaho suka yi ta hayayyafa a daji har suka kai miliyoyi. Bayan yaƙi, bijimin da ake sayarwa dala uku ko huɗu a Teksas yana iya kai dala talatin ko arba'in a biranen arewa, kuma a ƙarshen 1865 aka buɗe babbar karar shanu ta Shikago. Matsalar ita ce hanya. A 1866 an koro shanu wajen dubu 260 aka nufi tashoshin jirgi na jihar Misuri, irin su Sedalia, amma manoman can suka tare su da bindigogi, ɓarayi suka kwashe wasu, masu shanu da yawa suka koma gida hannu rabbana. McCoy, wanda mai kiwo ne kuma falken shanu daga jihar Illinois, yana ɗan shekara 29, ya ga cewa abin da ake bukata shi ne wuri a kan layin dogo, can yamma da gonakin jama'a, inda mai shanu daga kudu da mai saye daga arewa za su haɗu lafiya.

Bai fara da Abilene ba. Ya nemi fili a Junction City, aka ƙi sayar masa, ya leƙa Solomon da Salina, bai sami fuska ba. Shugaban kamfanin jirgi na Missouri Pacific ma korarsa ya yi daga ofis, abin da ya sa ya je ya daidaita da kamfanin Hannibal and St. Joseph, kuma wannan wulaƙanci na cikin dalilan da suka karkatar da shanun zuwa Shikago maimakon St. Louis. Abilene, wanda layin dogon da daga baya aka kira Kansas Pacific ya iso a farkon 1867, yana da abu uku: ciyawa iya ganin ido, da ruwan kogin Smoky Hill, da ƙarancin mutanen da za su ce a'a. Ƙanƙantarsa ita ce jarinsa. McCoy ya sayi eka 250 a gefen garin, ya sa aka kawo katako a jirgi daga Hannibal, kuma cikin kwana sittin daga farkon Yuli ya kafa shingen da zai ɗauki shanu dubu uku, da babban sikeli, ya kuma soma gina masauki mai hawa uku da aka sani da Drovers Cottage.

Saura masu kawo kaya. Sai ya tura wani mahayi da ya san dajin ya gangara kudu yana tarar garkuna a hanya, yana shaida musu cewa akwai kasuwa a Abilene. Ka yi tunanin mai kora wanda ya yi wata biyu a daji da shanu dubu biyu, bai san inda zai sayar ba, ga labarin abin da ya faru bara a Misuri, sai baƙo ya ɓullo a kan doki ya ce masa ya nufi wani gari da bai taɓa jin sunansa ba. Wasu sun ɗauka tarko ne, wasu suka yi kasada. Ranar 5 ga Satumba 1867 jirgi na farko ya tashi da tarago ashirin na shanu zuwa Shikago, kuma a wannan shekarar shanu kimanin dubu 35 suka iso.

Burtalin da suka bi shi ne wanda ya ɗauki sunan Jesse Chisholm, wani ɗan tireda mai jinin ƙabilar Cherokee, wanda ya buɗe hanyar don kekunan kayansa a cikin yankin da gwamnati ta keɓe wa 'yan asalin ƙasar, wato jihar Oklahoma ta yau. Shi kansa bai koro shanu zuwa Abilene ba, ya rasu a 1868. Garke ɗaya yakan kai shanu dubu biyu da ɗari biyar zuwa dubu uku, da mutum goma ko goma sha biyu, ana yin mil goma zuwa goma sha biyar a yini domin kada shanun su rame, tafiyar wata biyu zuwa uku ke nan. Ladan kaboyi bai wuce dala ashirin da biyar zuwa arba'in a wata ba, kuma da yawansu baƙar fata ne waɗanda ba su daɗe da fita daga bauta ba, ko kuma 'yan asalin Meksiko, abin da tsofaffin finafinai ba su cika nunawa ba. Daga nan adadin ya yi ta hawa: wajen dubu 75 a 1868, dubu 150 a 1869, dubu 300 a 1870, sannan kimanin dubu 600 suka shigo Kansas a 1871.

Likitar Dabbobi ta amsa:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara basira. Amma akwai wata halitta da bai ambata ba, wadda a ganina ita ce ta kawo kasuwar Abilene, kuma ita ce ta tashe ta. Ina nufin kaska.

Manoman Misuri da suka tare hanya a 1866 ba mugunta ce kawai ta sa su ba. Sun lura cewa duk inda shanun Teksas suka ratsa a lokacin zafi, bayan wasu makonni shanun gida sai su kama zazzaɓi, su daina cin abinci, fitsarinsu ya koma ja, mafi yawansu su mutu, alhali shanun da suka kawo cutar suna tafiya lafiya lau. Sun kira ta zazzaɓin Teksas. Babu wanda ya san musabbabinta a lokacin. Wasu sun ce daga yawun shanun ne, wasu suka ce daga kofatonsu ne, wasu suka ɗora wa numfashinsu. Abu ɗaya da kowa ya yarda da shi shi ne cutar tana ɗaukewa da zarar sanyi mai daskarar da ruwa ya sauka. Sai a 1893 Theobald Smith da Fred Kilborne suka wallafa binciken da ya tabbatar cewa kaska ce ke ɗauke da ƙwayar cutar, wadda muke kira Babesia, mai shiga jini tana farfasa jajayen ƙwayoyinsa. Shanun kudu suna kamuwa tun suna maruƙa, su warke, su zauna da ita a jiki. Kaskar da ta sha jininsu takan faɗo a ciyawa ta yi ƙwai, 'ya'yanta su hau san manomi wanda jikinsa bai taɓa sanin cutar ba.

Na sha ganin irin wannan a wurin aiki. Mutum ya sayo saniyar madara ta waje da kuɗi masu yawa, ya sake ta cikin shanun gida, bayan mako biyu ko uku ya kira ka. Ka ɗaga fatar idonta ka ga ta yi fari fat, ka duba ƙarƙashin wutsiya da tsakanin cinyoyi ka tarar da kaska sun ƙoshi sun yi tulu-tulu, ga fitsari kamar ruwan zoɓo, shanun gida kuwa suna gefe suna tuƙa abinsu. Duk lokacin da na karanta koken manoman Kansas, wannan hoton nake gani. 

To, ga inda maganar ta shafi tambayar Alhaji. A 1867 majalisar Kansas ta shata layi, ta ce shanun Teksas su tsaya yamma da shi, kuma layin ya faɗa wajen Ellsworth, kimanin mil sittin yamma da Abilene. Ma'ana, tun ranar farko kasuwar McCoy tana cikin yankin da doka ta haramta. Abin da ya rufa mata asiri shi ne gwamnan jihar na lokacin, Samuel Crawford, ya goyi bayanta a fili, manoman gundumar kuma ba su da yawa, McCoy ya lallashe su da cewa za su sami masu sayen masararsu da madara da ƙwai, aka kuma biya wasu diyyar shanun da suka mutu a 1868. Kasuwar da aka gina a kan kawar da kai irin wannan, ranar da masu kawar da kan suka gaji, ba ta da takardar da za ta nuna.

Jikan Falke ya amsa:

Ni kan batun harbe-harbe zan tsaya, tun da Alhaji ya tambaya kai tsaye, kuma amsata ita ce a'a, ba su ne suka tashi kasuwar ba, ko da yake sun ba masu son tashinta hujja.

Layin dogo ya raba garin biyu. A arewa akwai gidajen iyali da coci da makaranta, a kudu kuwa akwai titin da aka sa wa suna Texas Street, inda mashayu da gidajen caca da shagunan takalma da huluna suke jiran samarin da suka karɓi ladan wata uku a dunƙule. Garin ya sami hukuma a 1869, kuma a Yunin 1870 aka ɗauki Tom Smith ya zama shugaban 'yan doka a kan dala 150 a wata. Ya tilasta dokar hana yawo da bindiga a cikin gari, kuma an fi saninsa da amfani da ƙulli a kan amfani da harsashi. Abin lura shi ne ba kaboyi ne suka kashe shi ba. Ranar 2 ga Nuwamba 1870 ya fita bayan gari kama wani manomi, Andrew McConnell, wanda ake tuhuma da kashe maƙwabcinsa, sai manomin da abokinsa Moses Miles suka hallaka shi a can.

A Afrilun 1871 aka zaɓi McCoy magajin gari, shi kuma ya ɗauko James Butler Hickok, wanda duniya ta sani da Wild Bill. Daren 5 ga Oktoba na shekarar, kakar cinikin shanu ta ƙare, 'yan Teksas suna shagalin bankwana a kan titi, sai aka ji ƙarar bindiga a ƙofar mashayar Alamo. Hickok ya fito ya tarar da wani ɗan caca, Phil Coe, riƙe da bindiga, yana cewa kare ya harba. Suka buɗe wa juna wuta, Coe ya faɗi da raunin da ya kashe shi bayan 'yan kwanaki. Cikin wannan ruɗani wani ya kutso da gudu daga cikin duhu da bindiga a hannu, Hickok ya juya ya harbe shi, ashe abokinsa ne, Mike Williams, wanda ya taho kawo masa ɗauki. A Disamba majalisar gari ta sallami Hickok.

Masanin tarihi Robert Dykstra, a bincikensa na 1968, ya bi jaridu da takardun garuruwan shanu biyar, wato Abilene, Ellsworth, Wichita, Dodge City da Caldwell, ya ƙirga kisan kai 45 gaba ɗaya tsakanin 1870 da 1885. Wasu masana sun yi masa raddi da cewa garuruwan ƙanana ne ƙwarai, saboda haka adadin ba kaɗan ba ne in an auna shi da yawan mazauna, kuma suna da gaskiya. Duk da haka, fim ɗaya na kaboyi yakan kashe abin da ya fi na shekara guda a Abilene.

Mai Neman Sani ya sake rubutawa:

Na gode, Malam, da Likita, da ɗan'uwa Jikan Falke. Amma har yanzu akwai abin da bai shige ni ba. Masu masauki, da masu shaguna, da dillalai, da bankin garin, duk da shanun nan suke ci. Yaya aka yi suka zuba ido aka tashi kasuwar da ke ciyar da su? Shi kuma McCoy, wanda yake magajin gari a 1871, ina ƙarfinsa ya tafi?

Tsohon Malami ya sake amsawa:

Alhaji, amsar tana cikin abin da jirgin yake saukewa, ba abin da yake ɗauka kawai ba. Taragon da ya tafi gabas da shanu, jirgin yana dawowa da iyalai masu neman gona. Dokar mallakar fili ta 1862 ta ba duk wanda ya zauna ya noma shekara biyar eka 160, kamfanin jirgin ma yana da ɗimbin filaye a gefen layi da gwamnati ta ba shi, yana neman masu saye. Kowace shekara makiyayar da ke kewaye da Abilene tana raguwa, gonaki suna ƙaruwa, kuma a ƙasar da itace ya yi ƙaranci, ba kowane manomi ne zai iya shinge gonarsa ba, waya mai ƙaya kuma ba ta fito kasuwa ba sai bayan 1874. Mai shago yana cin kasuwar kaboyi wata huɗu ko biyar a shekara, manomi kuwa yana nan rani da damina, kuma shi ke da ƙuri'a, kaboyi baƙo ne.

Shekarar 1871 ta tsananta komai. Shanu sun yi yawa fiye da masu saye, farashi ya faɗi, dubbai suka yi kwantai aka bar su a dajin Kansas, suna cinye ciyawa suna shiga gonaki, sannan hunturun da ya biyo baya ya zo da ƙanƙara ya kashe da yawa daga cikinsu. Wanda ya ja ragamar masu adawa shi ne T. C. Henry, wanda ya riƙe shugabancin garin kafin McCoy, kuma sana'arsa dillancin filaye ce. Ya gwada shuka alkamar hunturu a ɗan fili a 1870, ta yi kyau, ya gane cewa ribarsa tana ga manomi mai sayen fili, ba ga mai wucewa da garke ba. A Fabrairun 1872 ƙungiyar kare manoma ta gundumar Dickinson ta fitar da sanarwa, aka aika har jaridun Teksas, tana roƙon duk mai niyyar koro shanu Abilene ya nemi wata tasha, domin mutanen gundumar ba za su ƙara jure illolin cinikin ba. Henry daga baya ya shuka dubban ekoki, har aka yi masa laƙabi da sarkin alkama na Kansas.

Sai dai in ƙara wani abu, domin kada a ɗauka takarda ɗaya ce ta yi wannan aiki. Masu shanu ma sun riga sun sami mafita. Layin Santa Fe ya kai Newton a 1871, reshensa ya kai Wichita a 1872, kuma dukansu suna kudu da Abilene, wato sun rage wa mai kora tafiyar kwanaki. Kansas Pacific kuwa ta karkata cinikinta zuwa Ellsworth. 'Yan kasuwar da kake tambaya ba zuba ido suka yi ba, bin shanun suka yi. Masaukin Drovers Cottage kansa an kwance babban ɓangarensa, aka ɗora a tarago, aka kai Ellsworth aka sake kafawa a 1872. Abin da ya faru a Abilene ya maimaitu a garuruwan da suka gaje shi, majalisa tana ta matsar da layin da Likita ta ambata zuwa yamma, har cinikin ya tare a Dodge City da Caldwell, kafin a 1885 Kansas ta rufe ƙofarta ga garkunan Teksas.

McCoy kuwa ƙarfinsa ya riga ya karye tun kafin ya zama magajin gari. Kamfanin jirgin Kansas Pacific ya yi masa alkawarin la'ada a kan kowane tarago da aka loda, da ciniki ya bunƙasa sai ya ƙi biya, kuma ko da yake ya kai ƙara ya yi nasara, kuɗin sun zo bayan bashi ya ci masaukin da sauran kadarorinsa. Ya bar garin ya yi aiki da kasuwannin shanu na Wichita da Kansas City, ya rasu a 1915. Iyalin Eisenhower da ɗanka yake karantawa sun iso Abilene a 1892 daga Denison ta Teksas, shekara ashirin bayan tashin kasuwar, kuma gidan da ya girma a ciki yana kudu da layin dogo, ɓangaren da 'yan Teksas suke sauka a da.